Injin ɗura harsashin bindigar farauta na hannu: me za a duba kafin a biya?

Wani ƙaninmu da ke zaune a jihar Ohayo ta Amurka ya aiko da wannan tambaya: "Yaya, na shiga ƙungiyar masu harbin faifan yumɓu, kuma duk mako ina harba akwati biyar da bindiga geji 12. Kuɗin harsashi ya fara isata. Wani dattijo a filinmu ya ce zai sallama mini tsohon injinsa MEC 600 Jr a kan dala 120, har da ragowar albarushi da buhun kwanso. Wani kuma yana da MEC 9000G, ya sa masa dala 400. Wanne zan ɗauka, me zan duba? Sannan in na tashi komawa gida Najeriya, zan iya tafiya da shi?"

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. In amsa a taƙaice kake so, ɗauki ƙaramin, 600 Jr ɗin nan, amma kada ka miƙa ko sisi sai ka ga ya ɗura harsashi a gabanka. Albarushin da aka ce za a ba ka gyara kuwa, in ba a cikin gwangwaninsa na kamfani yake da tambarinsa ba, ka yi godiya ka bar wa dattijo abinsa. Tafiya da shi gida kuma, cire wannan daga ranka. Zan zo kan dalili.

Kafin inji, ɗauko biro da takarda. Yawancin masu sayen wannan inji don rage kuɗi suke saye, kuma da yawansu sai bayan sun saya suke yin lissafin da ya kamata su yi tun farko. Abu huɗu kake saye duk lokacin da za ka sake ɗura kwanso, wato ɓawon harsashin da aka riga aka harba: ƙwayoyin dalma, albarushi, kofin robar da ke raba albarushi da dalma, da kuma faraima, wato ɗan maɓallin nan na gindin harsashi da allurar bindiga ke sara wuta ta tashi. Faraimar bindigar farauta lamba 209 ake ce mata. A cikin huɗun nan dalma ce ke cinye kuɗi. Buhunta laba 25 ne, wato oza 400. In kana zuba oza ɗaya da ɗaya bisa takwas a kowane harsashi, kamar yadda yawancin masu harbin faifai ke yi da geji 12 (geji shi ne ma'aunin faɗin bututun bindiga), buhu zai ba ka harsashi 355. Kai da ke harba akwati biyar masu harsashi 25 kowanne, wato 125 a mako, buhu ba zai kai ka mako uku ba. Albarushi laba ɗaya giren 7,000 ne. In tsarin da kake bi yana cin wajen giren 18, misali kawai nake ba ka don lissafi, za ka sami kusan harsashi 390. Je ka kantin da ke kusa da kai ka tambayi farashin kowanne a yau, ka raba, ka ninka da 25, ka ajiye shi kusa da farashin akwatin da kake saye. In ta intanet za ka yi odar albarushi da faraima, ƙara kuɗin da ake cajin jigilar kaya masu haɗari, don yana iya cinye ribar dungurungum in kaɗan ka saya.

Abin da za ka tarar shi ne a geji 12 ragin ba shi da yawa, domin manyan kantuna na sayar da harsashin geji 12 mai araha da wuya ka doke shi. Masu harba geji 28 da .410, wato bindigogi masu siririn bututu, su ne ke cin moriyar abin sosai: harsashinsu na kanti ya fi tsada, alhali dalmar da yake ci kaɗan ce. Geji 28 kashi uku bisa huɗu na oza yake ɗauka, buhu ɗaya harsashi 533, ƙaramin .410 rabin oza, buhu ɗaya harsashi 800. Kai mai geji 12, ribarka tana wajen rage nauyin dalma. Koma oza ɗaya, buhu ya ba ka 400. Koma bakwai bisa takwas, ya ba ka 457, kafaɗarka ma ta huta. Kada ka raina wannan nauyin, a gasar Olamfik giram 24 suke harbawa, kusan shi ke nan, kuma faifan fashewa yake yi. Ni wannan ne ma ya riƙe ni a harkar, ba ragin kuɗi ba: ina haɗa harsashin da ya dace da ni, kuma lokacin ƙarancin harsashi na 2020 da 2021, da kantuna suka zama wayam, waɗanda ke da ajiyar faraima ne kawai suka ci gaba da zuwa fili.

To, kan injinan biyu. Dukkansu na kamfanin MEC ne da ke garin Mebil a jihar Wiskonsin, kuma wannan shi ne babban abin da ya sa na ce ka saya ba tare da fargaba ba: kayan gyaransu na nan birjik, daga ƙaramin sifirin har kwalbar albarushi. A kasuwar na hannu za ka ci karo da injinan kamfanonin da suka daɗe da rufewa, irin su Texan da Bair. Ƙarfensu garau, farashinsu kamar kyauta, amma ranar da wani ɗan abu ya karye sai ka ajiye shi ya zama abin ado. Araha ba ta ado. Wanda ke neman babban inji mai nagarta yana iya duba Ponsness/Warren na jihar Aidaho, ko Hornady 366 wanda a da ake sayar da shi da sunan Pacific, kamfanin da Hornady ya saya, ko Dillon SL900. Wanda kuma ke son ɗanɗanawa kawai, akwai Lee Load-All II, kusan duk jikinsa roba, sabonsa ma ba ya da tsadar da za ta sa a nemi na hannu. Waɗannan duk ba naka ba ne yanzu.

600 Jr kwanso ɗaya yake aiki a kai a lokaci guda. Tasha biyar gare shi, kai ne kake ɗaga kwanson da hannunka daga wannan zuwa waccan: ta farko ta fitar da tsohuwar faraima ta matse gindin kwanson ya koma girmansa, ta biyu ta sa sabuwar faraima, ta uku albarushi da kofi da dalma, ta huɗu ta fara naɗe baki, ta biyar ta rufe shi. Sau biyar ko fiye za ka ja hannun inji kafin harsashi ɗaya ya fito. 9000G kuwa kwanso shida yake ɗauke da su a kan faifai mai juyawa da kansa, kowane ja ɗaya harsashi ɗaya ya faɗo. Sauri kam babu haɗi. Sai dai abu shida ne ke faruwa a ja ɗayan nan, idonka kuma biyu ne.

Na taɓa gaya wa wasu labarin nan, bari kai ma in gaya maka. Shekarar da na fara, zumuɗi ya sa na sayi babban inji mai juyi daga hannun wani, ban taɓa ɗura ko harsashi ɗaya ba. Daren farko faraima ta ƙi faɗowa a mazauninta, ni ban lura ba, na ci gaba da ja. Albarushi ya riƙa zurarewa ta ramin gindin kwanson yana taruwa ƙarƙashin faifai. Da na gane, sai na rikice na ja hannun inji babu kwanso a tashar dalma, ƙwayoyi kuwa suka watse a garejin kamar an kifar da kwanon gero. Wata guda ina tsintarsu, har cikin takalmin uwargida. Wannan ɓarna ce kawai. Abin tsoron shi ne harsashin da ya fito da baki a rufe tsaf amma babu albarushi a ciki, ko kaɗan ya shiga. Ka harba ka ji "fus", kofin robar ya maƙale a cikin bututun bindiga, in ka sake harbi a kansa bututun na iya kumbura ko ya tsage a hannunka. A ƙaramin inji da wuya hakan ta wuce ka, don kowane kwanso sai ya bi ta tafin hannunka. Akwati biyar a mako kuma aikin sa'a ɗaya ne da 'yan mintoci a kan 600 Jr in hannu ya faɗa. Dala 280 da ta rage ka sa a dalma. In bayan shekara ka ga kana harba akwati goma sha biyar, lokacin sai mu yi maganar babba, ƙaramin kuma ba za ka yi asararsa ba, don kusan yadda ka saye shi haka za ka sayar.

Yanzu ranar zuwa gidan dattijo. Ba a cinikin biri a sama. Tafi da kwanson da kai ka harba da bindigarka guda goma, da ɗan maganaɗisu, da tocilan.

Fara da tabbatar da geji 12 ne, kuma an saita shi kan tsawon inci biyu da uku bisa huɗu, wanda shi ake harba faifai da shi. Kada ka ce ai ya faɗa; mutum mai inji uku a gareji yakan manta. Ana iya juya 600 Jr zuwa wani geji da saitin kayan canji, amma kuɗin saitin na iya kusan kamo abin da za ka biya wa injin gaba ɗaya. Masu juyi irin su 9000G ma ba a yi su don a riƙa canza musu geji ba, yadda ka saye shi haka za ku zauna.

Sai shekarunsa. Duba ko an rubuta Mark V a jikinsa. Wannan samfurin ya fito a 1985 kuma har yau shi ake ƙerawa. Waɗanda suka girme shi suna aiki lafiya, ina da abokin da ke amfani da na mahaifinsa, amma wasu kayansu ba sa shiga na sabo, saboda haka in za ka yi odar kayan gyara dole ka san zamanin naka. In tsohon ne, ka rage tayi.

Tsatsa iri biyu ce. Ta sama-sama, wadda ta yi ja-ja a kan ginshiƙi da faranti, ba komai ba ce, ɗan soson ƙarfe da mai sun ishe ta. Wadda ta ci rami a cikin bututun da albarushi da dalma ke bi, ko a zoben matse gindi, ita ce matsala, don a nan abu ke maƙalewa. Haska tocila ka leƙa. Sannan ja hannun injin a hankali har ƙasa ka sake shi: ya kamata ya sauka sumul ya koma sama da kansa. In yana gurzawa, ko kan injin yana karkata gefe, ko farantin ƙasa ya lanƙwashe, wani ya taɓa danna shi da ƙarfin tsiya a kan abin da ya maƙale. Wannan kaɗai ne zai sa in ce ka haƙura da shi. Ragowar duk ƙananan kaya ne.

Ƙananan kayan nan kuwa su ne makamin cinikinka, don kowanne 'yan daloli ne amma in suka taru sai su yi nauyi. Kwalaben roba biyu na sama, in sun yi ruwan ɗorawa sun fara tsattsagewa a wuya, canji suke so. Kwance su ka duba ƙarƙashi: akwai zoben roba a mazaunin kowace, gefen albarushi kuma ana sa wata siririyar washa ta tagulla don kada albarushi mai laushi ya riƙa yoyo. Sau da yawa washar nan ta ɓace tun tuni. Yatsun robar da ke jagorar kofi zuwa cikin bakin kwanso su ne suka fi saurin mutuwa; in ka ga ɗaya ya karye ko ya lanƙwashe, shi ne zai riƙa yaga bakin kwanso. Duba abin fara naɗin baki: akwai mai ninki takwas, akwai mai ninki shida. Kwanson harbin faifai na kirki yawanci takwas ne, wasu na farauta da masu araha shida. Ƙirga ninkin kwansonka, ka tabbata akwai wanda ya dace da shi, in akwai duka biyun ya fi. In injin na da tiren da ke sauko da faraima da kansa, to ƙari ne da aka saya daban, kuma yana ƙara masa daraja.

Inda nake so ka fi natsuwa shi ne sandar awo, wato ƙarfen nan mai zamewa hagu da dama a ƙarƙashin kwalabe. Rami biyu gare ta. Na dalma a yanke yake, girmansa ba ya canzawa, kuma lambar da ke jikin sandar ita ke gaya maka nauyinsa: ta ƙananan injina da 302 take farawa, ta masu juyi da 502, to 302118 na nufin oza ɗaya da ɗaya bisa takwas. Sandar wannan ba ta yi wa wancan. Ramin albarushi kuwa bushin ake sakawa a ciki, wato ɗan zoben ƙarfe mai rami da ke ƙayyade yawan albarushin da zai zubo, kowane da lambarsa. Tambayi dattijo sanduna nawa da bushin nawa zai haɗa maka, don mai shekara talatin a harkar yakan tara su cikin gwangwani, kuma wannan gwangwanin ya fi ragowar albarushinsa amfani a wurinka nesa ba kusa ba. Amma ka riƙe wannan da kyau: bushin cika yake aunawa, ba nauyi ba. Jadawalin kamfani zai ce lamba kaza tana zubo giren kaza na albarushi kaza, a aikace sai ka ga ya bambanta, gwargwadon damshin iska da yadda kake jan hannu. Wasu tsofaffin ma sukan goge cikin bushin da magagari su faɗaɗa shi, lambar tana nan amma ramin ya canza. Saboda haka sikelin auna albarushi wajibi ne. In babu shi a cikin kayan, sa kuɗinsa a lissafinka tun yanzu, kuma kada ka ɗura harsashin farko sai ka auna zubi goma ka ga inda suka tsaya.

Maganaɗisun da na ce ka tafi da shi na buhun kwanso ne. Gindin kwanso da yawa a yau ƙarfe ne aka yi wa wankan tagulla; in maganaɗisu ya kama, ƙarfe ne. Zoben matse gindi na 600 Jr yana iya musu, sai dai da ɗan ƙarfi. In irinsu za ka fi ɗurawa, ko bindigarka mai sarrafa kanta ce da ba ta son harsashi mai kumburin gindi, to Sizemaster, wani injin na MEC, ya fi, don shi da yatsun ƙarfe yake damƙe gindin ta kowane gefe. In ka ci karo da na hannu a farashi mai kyau, ɗauke shi ka bar 600 Jr. Duba dai yatsun babu wanda ya karye kuma ba su bushe babu giris ba. Kwanson da ke cikin buhun kuwa zazzage shi ka tantance. Remington STS da Gun Club da Winchester AA su ne ake rububi, suna jure ɗuri da yawa. Cikinsu a tsuke yake ta ƙasa, na Federal da na Turai irin su Cheddite da Fiocchi kuwa miƙe yake, kuma kofin da ya dace da wancan bai dace da wannan ba. Duk wanda bakinsa ya tsage ko ya ƙone ya yi ƙwari, shara ne.

Daga nan sai ka roƙi dattijo ya ɗura biyar a gabanka, kai ma ka ɗura biyar yana tsaye. Dubi bakin harsashin: ya shafe, ninkin ya haɗu a tsakiya, ya ɗan nutsa ƙasa da gefen. In da rami a tsakiya har ƙwaya na leƙowa, ko ya murɗe kamar cibiya, ko ya tashi tsololo, yawanci saiti ne ko kayan da ba su dace da juna ba, ba laifin inji ba. Ka sa shi ya gyara kana kallo. Wannan rabin sa'ar ta fi ragin dala ashirin.

Maganar albarushinsa. Abin da ke cikin kwalbar inji, ko cikin gwangwanin gahawa da aka rubuta wa suna da hannu, ba ka san ko mene ne ba, shi ma mai shi zato yake yi. Albarushin bindigar farauta iri-iri ne, wani na cin wuta da sauri wani a hankali, kuma ido ba ya rarrabe su. Iyakar matsin da aka yarda wa geji 12 mai wannan tsawo shi ne laba 11,500 a kan kowane murabba'in inci, kuma bindigar farauta ba ta yi maka gargaɗi kafin a wuce shi. Shi ya sa a wannan harka ba a ƙirƙira. Kamfanonin albarushi irin su Hodgdon da Alliant suna wallafa tsare-tsarensu kyauta: kwanso kaza, faraima kaza, albarushi kaza giren kaza, kofi kaza, dalma nauyi kaza. Haka za ka bi shi baƙi da baƙi. Canza faraima kaɗai na iya ɗaga matsi sosai. In kuma wata rana farautar agwagwa ta ja ka, sani cewa tun 1991 aka hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma a duk faɗin Amurka, ƙwayar ƙarfe kuma tana da nata sandar awo da kofi da tsari daban. Kada ka zuba ta a kan saitin dalma.

Dala 120 ba ta yi yawa ba in Mark V ne mai lafiya da 'yan sanduna da bushin. Ni ma'aunina shi ne kada na hannu ya wuce rabin kuɗin sabo, bayan ka ƙara abin da za ka kashe a kayan gyara. In tsohon samfuri ne babu sikeli, taya ƙasa da haka, cikin ladabi, don mutumin nan za ka riƙa komawa wurinsa da tambaya. A gida kuma ɗaure injin da noti a kan teburi mai ƙarfi, sa tire a ƙarƙashinsa don ƙwayar da za ta zube, sa gilashin kare ido, albarushin da ya zube ka share da tsintsiya ba da injin zuƙe ƙura ba. Dalma guba ce, ta fi yi wa yara illa, saboda haka ba a cin abinci a wurin, a wanke hannu da sabulu, a kulle ƙofa.

Ba ka faɗa mini matsayin takardunka ba, kuma yana da muhimmanci. A dokar tarayyar Amurka ba a buƙatar lasisi don mutum ya ɗura wa kansa harsashi, sayarwa ce ke buƙatar lasisin ƙera harsashi, don haka kada abokai su ce ka riƙa yi musu suna biya. Amma wanda ya shigo da bizar zama na wucin gadi, kamar ta karatu, an hana shi mallakar bindiga da harsashi sai in ya faɗa cikin waɗanda aka keɓe, misali mai riƙe da lasisin farauta mai aiki. Kuma a wurin dokar, faraima da kwanso da albarushi duk harsashi ne. In kai ɗan ƙasa ne ko mai katin zama na dindindin wannan bai shafe ka ba, sai dai ka duba dokar jiharka.

Batun gida kuwa, Dokar Makamai ta Najeriya, wadda asalinta ta 1959 ce, ta hana kowa ƙera ko harhaɗa harsashi sai a wuraren da hukuma ta amince, kuma shigo da harsashi ko sassansa sai da izini. Lasisin riƙe bindigar farauta bai ba mutum damar ɗura harsashi a ɗakinsa ba. Da halin da ake ciki na tsaro a Arewa, ka tuna yadda jami'in kwastan zai kalli akwatin da ya buɗe ya ga injin haɗa harsashi da buhun kwanso. Ko faraima da albarushin ma ba za ka hau jirgin fasinja da su ba. In lokacin komawa ya yi, manna takarda a allon sanarwar ƙungiyarku, mako ba zai zagayo ba wani sabon shiga zai zo da kuɗinsa.